Gogen Turawa Yana Takarda, Namu Yana Yatsu

A zaurukan kiɗa na nan Landan, idan mai biyola ya miƙe a gaban makaɗa sittin ko fiye, kowa tsit yake yi. Ba guɗa, ba kirari, ba liƙi. Biyola ita ce gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, ana maƙale ta a ƙarƙashin haɓa, muryarta kuma ta fi ta ƙanwarta biyolin kauri. Mai ita yana ja, ayarin makaɗa na amsawa, madugu na jagora da sanda, har kusan rabin sa'a babu waƙar baki.

Mu da muka tashi a unguwar Bolewa ta Potiskum, muna jin Garba Liyo da Hassan Wayam mai kukuma a rediyo da kaset, ba haka muka san goge ba. Namu ƙoƙo ne da fatar guza da tsirkiya ɗaya ta izgar doki. Masu ƙwarya na biye da shi, jama'a na rausaya, kuma da zarar mai kyauta ya shigo fili sai kiɗan ya juya wajensa. Kiɗan daren yau ba zai zama na gobe ba.

Babban bambancin yana ga inda kiɗan ke kwana. A nan mai tsara kiɗa daban, mai kaɗawa daban, takarda ce ke haɗa su. William Walton ya rubuta wa biyola da ayari kiɗansa a 1929. Gwanin da ya nufa da shi, Lionel Tertis, ya ƙi karɓa, sai Paul Hindemith ya kaɗa shi a Landan a shekarar, kuma har yau ana kaɗa shi. Béla Bartók ɗan ƙasar Hangari ya rasu a Amurka a 1945 bai kammala nasa ba. Tibor Serly ya tattara takardun da ya bari ya ƙarasa, William Primrose ya fito da shi bainar jama'a a 1949. Mutuwa ta ɗauke mutum, ta bar aikinsa.

Mu kuwa, taken da ke yatsun mai goge, idan bai bar yaro ba, da shi ake binne shi. Ga kuma kyarar da sana'ar ke sha saboda danganta ta da bori, har 'ya'yan gida suna gudun gadonsu.

Ba na fatan gogenmu ya koma zauren shiru. Armashinsa yana cikin amshi da liƙi, abin da takarda ba ta iya riƙewa. Amma adana shi wajibi ne. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum da Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu suna da ɗaliban da za su iya bin dattawan makaɗa, na Hausa da Bolewa da Ngizim da Karekare, su naɗi kowane take da sunansa da tarihinsa tun masu shi suna raye.