Snowbird, Ƙauyen Ceroki da Ya Ƙi Tashi

A yammacin jihar Karolina ta Arewa, a ƙasar Amurka, akwai wani ƙauye mai suna Snowbird cikin duwatsu masu sanyi da hazo, kusa da garin Robbinsville. Gidajen a warwatse suke a bakin rafuka. Mazaunansa 'yan ƙabilar Ceroki ne, waɗanda Turawa suka zo suka tarar, kuma har yau suna da shugabansu da majalisarsu.

A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu kan dokar tashin 'yan asalin ƙasa. A 1838 sojoji suka bi gida-gida suna fito da Ceroki da bakin bindiga, suka tara su a sansanoni, suka kora kimanin mutum 16,000 yamma, inda yanzu ake kira Oklahoma. Kusan 4,000 suka rasu. Kakannin mutanen Snowbird suna cikin waɗanda suka ɓuya a duwatsu da waɗanda suka komo daga baya. Mu nan Old Maiduguri wannan ba baƙon labari ba ne. Mun ga mutanen Bama da Gwoza sun shigo a 2014, daga su sai kayan jikinsu.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Junaluska. Ya yi yaƙi a ɓangaren Jackson a 1814, amma ranar kora ba a tuna masa ba. Daga Oklahoma ya tako da ƙafa har gida. A 1847 jihar Karolina ta Arewa ta ba shi fili, kabarinsa kuma yana Robbinsville, inda na kai ziyara, na tsaya na daɗe ina juya butulcin da aka yi masa.

Yadda mutanen Snowbird suke riƙe tsofaffi ya burge ni ƙwarai. Suna da al'adar gayya: a faskara wa tsohuwa itace kafin sanyi ya shigo, a haƙa kabari in an yi rasuwa, ba wanda ya nemi sisi. A wata walima da na halarta, babu yaron da ya miƙa hannu sai da aka zuba wa dattawa. Aka kawo mini burodinsu na garin masara da wake, an naɗe a ganye an dafa a ruwa kamar alale. Da kitsen alade suke ci. Da na ce ni Musulmi ne, matar da ke rabo ba ta ja magana ba, ta ɗauko mini wani fes a kwano daban.

Yawancinsu Kiristoci ne, suna rera waƙoƙin coci da harshensu, a rubutun da wani ɗan ƙabilarsu, Sequoyah, ya ƙirƙira a 1821 mai alamomi 85. Sai dai masu jin harshen sosai sun ragu ainun, akasarinsu furfura ta cika musu kai. Makarantun kwana na dā, inda ake dukan yaro in ya yi yarensu, su ne suka yi wannan ɓarna, abin da ban ga uzurinsa ba ko kaɗan. Yanzu sun buɗe makarantar da ake koyar da ƙananan yara da Ceroki.

Mu ba wanda ya dake mu, amma abin na cin mu. Akwai wata tsohuwa 'yar Gwoza a layinmu, in ta kira jikokinta da yarensu, da Hausa suke amsawa. Na tambaye ta, “Iya, ba kya koya musu?” Ta ce, “Ɗana, a sansani aka haife su. Sai mun koma gida.”