Ƴar na'urar kiɗan da ba ta da allo

Tambaya guda ce ke ta dawo mana kwanakin nan, a saƙo da baki da baki, kan wata ƴar na'urar kiɗa da ake tsinta cikin kayan gwanjo ko ɗan uwa ya aiko daga Faransa. Ba ta kai kwalin ashana ba, kuma ba ta da allo ko kaɗan. Sunanta iPod shuffle. Kamfanin Apple na Amurka ya fito da ita a 2005, ya daina ƙera ta a 2017, amma ga ta nan tana yawo a hannun matasanmu.

Mu ƴan rediyo mun daɗe da ita. Samfurin ƙarshe, na 2010, 2 GB gare shi, waƙa ɗaruruwa ke nan, kuma caji guda kan kai awa 15. Duk wanda ya san wasan da kuran ke mana lokacin zafi ya san darajar wannan. Ka maƙala ta a wuyan riga, ka sa ekutar, ka shiga motar Damagaram zuwa Yamai, hanya ta rage tsawo. Wani ɗan maɓalli ne a samanta mai matsayi uku: kashewa, bin waƙoƙi a jere, ko cakuɗa su. Mu dai cakuɗawar muka fi so. Kana cikin Mamman Barka da biram ɗinsa sai ga Ɗan Gurmu ya faɗo, ba ka nema ba, ka ji daɗi.

Akwai ma abin dariya. Tunda babu allo, in ka danna wani maɓalli sai murya ta faɗa maka sunan waƙa da na mawaƙi. Muryar ba ta jin Hausa. In ta Faransanci ce, ku ji yadda take murɗe sunayenmu, ko mai waƙar da kansa ba zai amsa ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mun saba mu kai memori ko kile USB wurin masu tura waƙa a kasuwa, a zuba mana, shi ke nan. Wannan ba haka take ba. Ko an kwafa mata waƙa kai tsaye, ba za ta rera ba, sai an bi ta manhajarta, iTunes, a kwamfuta. Kuma ma'ajiyar waƙoƙi guda take bi. In ka haɗa ta da wata kwamfuta daban, saƙo zai fito yana tambaya ko a share abin da ke ciki a zuba na wannan kwamfutar. Da Faransanci ko Turanci yake zuwa, yaro na sauri, ya danna kawai. Komi ya tafi.

Abin da ya sa muke jan kunne shi ne, ba waƙoƙin zamani kaɗai ke cikin waɗannan na'urori ba. Cikinmu akwai waɗanda suka zauna suka juye tsofaffin kasat, kiɗan biki, waƙar makaɗin garinsu da ya rasu, wa'azin malamin unguwa. Kasat ɗin zafi da ƙura sun cinye, kwamfutar da aka yi aikin da ita ta mutu tuni. Abin da ya saura yana cikin wannan ƴar aba kaɗai. Ita kuwa manhajar, aikinta zuba waƙa cikin na'ura, ba ta kwaso ta ta mayar a kwamfuta, sai dai wadda aka saya a shagonta. A ganinmu wannan tsari bai dace da irin rayuwarmu ba, inda kwamfuta guda ke yi wa unguwa aiki.

Amma akwai mafita. Waƙoƙin na nan ɓoye cikin wata jaka mai suna iPod_Control. Mai gyaran da ya san aikinsa zai sa kwamfuta ta nuna ɓoyayyun jakunkuna, ya kwashe su gefe. Za ku ga sunayen sun koma haruffa huɗu-huɗu marasa ma'ana, kada ku tsorata, sautin lafiya lau yake. Ku sa a yi muku wannan tun kafin a taɓa komi, a aje kwafi biyu, ɗaya a memori ɗaya a kile.

Sannan ku riƙe igiyar cajinta da kyau. Ta ramin ekutar take shan caji, kuma irin igiyar ba kowace rumfa ke da ita ba.