Daga bakin tafkin Madarunfa zuwa daren Faska

Wanda ya bar Maraɗi ya nufi kudu, bayan tafiyar kilomita 20 da ƴan kai, zai tarar da Madarunfa a gefen tafkinta. A watan Maris da na Afirilu, lokacin da bazara ta kankama har zafi ya zarce digiri 40, ruwan yakan ja baya, ya bar laka mai tsagewa; masunta na tura jiragensu, masu lambu na bin sawun ruwa da shuka. Kewaye da tafkin akwai kaburburan da ake dangantawa da waliyyai 99, waɗanda tun shekarar 2006 suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO. Jama'a na zuwa ziyara daga nesa, har daga ƙetaren iyaka ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Saboda haka mutumin wannan ƙasa ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin da zai sa a sha ƙura da rana domin ibada.

A daidai wannan lokaci ne wata ziyarar take faɗowa, wadda ba kowa ke lura da ita ba, wato Sati Mai Tsarki na mabiya ɗariƙar Katolika. Ba su da yawa. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar duka ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma a nan yankin ƴan Furotesta ne suka fi tsohuwar saiwa, albarkacin aikin mishan a Tsibiri da asibitin kutare na Danja. Katolika galibi ma'aikata ne, malaman makaranta, masu sana'a da iyalan da suka zo daga Benin, Togo, Burkina ko Najeriya. Babbar majami'arsu, Notre-Dame de Lourdes, tana Maraɗi, hedkwatar diyosis ɗin da aka kafa a 2001, wanda Ambroise Ouédraogo ya fara shugabanta. Ya haɗa Tawa, Damagaram, Difa da Agadas.

Abin da limamansu ke nanatawa kowace shekara shi ne kwana ukun nan ibada guda ce. Ranar Alhamis da maraice limami yakan durƙusa ya wanke ƙafafun mabiya, a tuna jibin ƙarshe na Yesu Almasihu, a watse shiru ba tare da sallama ba. Ranar Jumma'a ba a yin Misa ko kaɗan. Bagadi na nan tsirara, ana azumi, ana karanta labarin shan wahalarsa, kowa ya matso ya girmama giciye. Sai daren Asabar: a hura wuta a waje, a kunna babbar kyandir, a shiga majami'a cikin duhu, hasken na yaɗuwa daga hannu zuwa hannu. A daren nan ne ake yi wa manya baftisma bayan dogon karatu. Wanda ya zo safiyar Lahadi kaɗai da sabuwar riga ya iske an riga an kai ƙarshen labarin.

Uzurin masu fashi kuwa ba ƙarya ba ne. Litinin ɗin Faska ce ranar hutu, Alhamis da Jumma'a ranakun aiki ne. Kuɗin mota na da nauyi ga mai iyali. Ga kuma tsoro: ƙauyukan kan iyaka, wajen Gabi da Ɗan Isa, sun sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, hanyar dare ba abin wasa ba ce. Ba a kuma manta da majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015 ba.

Amma ƙaramar jama'a ba ta ɓoye giɓi. Idan gida uku suka zauna, an rasa mai karatu, ƙungiyar mawaƙa ta raunana, wanda za a yi wa baftisma ya waiga bai ga mai tsaya masa ba. Dabarar ma tsohuwa ce, irin ta masu ziyarar tafki: a nemi izini wurin aiki tun da wuri, a haɗa kuɗin mota, a tashi da rana tsaka, a kwana gidan dangi ko na abokai a Maraɗi, a komo Madarunfa ranar Litinin da sanyin safiya.