Inda Sawu Ya Ƙare a Tamanhint

A wannan wata za mu ɗan fita da ku daga cikin Sabha, mu nufi arewa maso gabas, tafiyar kimanin kilomita 30, zuwa Tamanhint. Da yawa daga cikinmu sunan garin kawai suka sani, shi ma saboda sansanin sojan sama da ke gefensa, wanda aka gwabza yaƙi a kansa a Janairun 2014, aka sake gwabzawa a Afrilu da Mayun 2017. Alhali kuwa tun kafin a san jirgin sama garin yana nan da dabinonsa da rijiyoyinsa, shi da maƙwabtansa Samnu da Zighan. Zango ne a tsohuwar hanyar ayari da ta taso daga Tarabulus, ta biyo ta Sokna, ta wuce Sabha zuwa Murzuk. Ita ce hanyar da Bature Kilafaton da abokan tafiyarsa suka biyo a 1822, kafin ya isa Kano da Sakkwato a 1824.

Mu dai ba tarihi ya kai mu ba. A Janairun 2025 ne, ranar wata Alhamis bayan an tashi daga makaranta, mu uku muka shiga mota don ziyarar wani dattijo mutumin ƙasar Tasawa, wanda ya daɗe yana kula da wani lambun dabino a bayan gari. Yana zaune a nan da ɗansa da surukarsa da jikoki. A ƙarƙashin dabinon suna shuka sha'ir da albasa da ciyawar dabbobi, injin ban ruwa yana ta ƙugi daga hantsi zuwa la'asar. Wanda ya fara tarbarmu a bakin shinge kare ne, baƙi, gajere, mai kunne ɗaya a karye. Muka ja da baya muna tattare riguna, don gaskiya mu ma irin tarbiyyar da muka samu ke nan, kare abin kora ne. Baba ya yi dariya ya ce, "Malamai, ku shigo, Duna ba ya cizon mai sallama."

Da dare aka hura wuta, don sanyin Fezzan a Janairu ba ya jin rarrashi. Maƙwabcin Baba, wani dattijo Ba'abzine da ya yi ƙuruciyarsa a bayan raƙuma tsakanin Gat da Agadas, ya zo da kayan shayinsa. Aka yi na fari mai kumfa, aka yi na biyu, kafin a kai ga na uku mai gyaɗa gardama ta kaure tsakanin tsofaffin nan biyu, kuma da gani ba ranar suka fara ta ba.

Shi Ba'abzinen cewa yake kare ɗaya ne a duniya, wato siririn nan mai dogayen ƙafafu da Larabawa ke kira sulugi, wanda in ya hango barewa sai dai a je a ɗauko nama. Irin su Duna masu kifa hanci a ƙasa, in ji shi, sun yi ɓatan kai da suka zo Sahara, domin a nan ƙasa ba ta riƙe wari, sawu take riƙewa, sawu kuwa aikin idon mutum ne. Baba, wanda ya yi farauta da karnuka a dazukan ƙasarsu tun yana saurayi, ya ce ido iyakarsa abin da aka rubuta masa, hanci kuwa yana karanta abin da aka goge.

Mun ba Ba'abzinen gaskiya a daren, kuma yana da hujja. Ruwan saman da Sabha ke samu a shekara da ƙyar yake kai milimita 10, alhali na Kano ya haura 800. Warin da mutum ke bari a bayansa, wato ɗan gumi da ɓurɓushin fata da ke zuba daga jikinsa ba tare da ya sani ba, danshi ne ke riƙe shi. In ƙasa ta bushe ƙayau, rana ta dake ta, sai ya tashi ya bi iska. Shi ya sa mutanen hamada suka zaɓi kare mai farauta da ido, su kuma suka ƙware a karatun sawu, har mutum ya dubi rairayi ya gaya maka raƙumi nawa suka wuce, wanne ke ɗauke da kaya, wanne ke ɗingishi.

Da asuba ɗan Baba ya ɗora buhunan albasa a akori-kura ya nufi kasuwar Sabha. Muka yi salla muka koma cikin bargo. Sai wajen ƙarfe takwas muka ji surukar Baba tana salati. Ɗanta na biyu, yaro ɗan shekara shida, ba ya cikin ɗaki, ba ya wajen awaki. Ta ɗauka yana wurin kakansa, kakan ya ɗauka yana wurinta. Aka buga wa uban waya, ya ce bai tafi da shi ba. Abin da ya ƙara tayar da hankali shi ne yaron kurma ne, ko an kwana ana kiransa ba zai ji ba. Ga tafkunan ban ruwa a lambunan maƙwabta, ga babban titi da manyan motoci, ga kuma fegin da ke wajen sansanin soja, inda iyaye ke hana yara zuwa don tsoron ragowar kayan yaƙi da ba su fashe ba.

Ba'abzinen ya iso da sandarsa, ya ce kowa ya tsaya inda yake, kada a tattake masa ƙasa. Ya zagaya ƙofar gida sau ɗaya, ya nuna da bakin sanda. Mu ba mu ga komai ba sai rairayi. Shi kuwa ya ga ɗan takalmin roba na ƙafar hagu da dugadugin ya cinye, ya ga sawun ya hau kan sawun tayar motar uban, wato bayan motar ya fita, ya ga kuma tazarar taku ta buɗe, alamar gudu yake yi. "Ubansa ya bi," in ji shi. Muka bi shi a baya kamar 'yan aji ɗaya, ya ratsa da mu gefen sha'ir, ya bi ta jikin shingen ganyen dabino, bai tsaya ko sau ɗaya ba, har muka ɓulla kan kwalta.

A nan ya tsaya. Ya duba wannan gefe, ya tsallaka ya duba wancan, ya yi gaba ya yi baya. Sawu bai sauka ko'ina ba. Ya dawo ya dogara sandarsa ya ce, "Nan karatuna ya ƙare. Ya hau baƙin allo." Mu malaman makaranta mun ji wannan magana har cikin ƙashi. Titin kuwa hagu ya nufi cikin gari, dama ya nufi hanyar Sabha.

Baba bai ce masa komai ba. Ya juya ya ce da surukarsa, "'Yata, koma ki ɗauko mini hular da ya kwana da ita, ki riƙo ta da bakin zane, kada ki taɓa da hannu." Ta ce, "To, Baba," ta ruga. Ya kwance igiyar guga ya ɗaura wa Duna. Da hula ta zo ya kanga masa a hanci, sa'an nan ya kai shi daidai sawun ƙarshe da Ba'abzinen ya nuna, ya ce a hankali, "Nemo shi."

Karen ya sunsuna dama taku kaɗan, ya dawo, ya sunsuna hagu, sai jelarsa ta miƙe. Cikin gari ya nufa. Uwar ta ce ai ba zai yiwu ba, motar dama ta yi. Baba ya ce yaro bai ga inda motar ta karya ba, Duna kuwa ba motar yake bi ba. Abin da muka lura shi ne karen ba tsakiyar titi yake bi ba. Gefe yake bi, inda ƙura ta taru a jikin dakalin siminti, yana cusa hanci a tsagar kwalta, yana bin gindin katanga ta ɓangaren da rana ba ta kai ba tukuna. Muka wuce wata makaranta a rufe saboda Juma'a, muka wuce shagunan da ba a buɗe ba. Da muka zo mararraba inda wani mai gyaran mota ya zubar da baƙin mai, sai Duna ya rikice. Ya yi atishawa, ya ɗaga kai, ya shiga zagaye. Ɗaya daga cikinmu ya ce a ja shi a gwada wancan lungu. Baba ya daka masa harara ya ce, "Malam, in ka fi shi sani karɓi igiyar ka sa a wuyanka." Ya sassauta igiyar iyakar tsawonta, ya tsaya cik. Karen ya faɗaɗa zagayensa, sau uku, sau huɗu. Minti biyar ɗin nan sun yi mana tsawon yini, uwar tana kuka ƙasa-ƙasa. Can sai ya kifa hanci a gindin wata turken lantarki a tsallaken mararrabar, ya ja Baba har yana tuntuɓe.

A bayan wani gidan burodi muka same shi, ya jingina da bangon da zafin tanda ke ratsowa, da guntun burodi a hannu, yana barci. Mai gidan burodin ya ce tun sassafe ya gan shi yana rawar ɗari, ya tambaye shi ɗan gidan wa ne bai amsa ba, ya yi niyyar in an taru masallacin Juma'a ya kai shi a yi cigiya. Allah ya saka masa da alheri.

A hanyar komawa muka auna tafiyar da ƙafa. Daga inda sawu ya ƙare zuwa gidan burodin taku 800 ne da 'yan kai, kuma yaron ya riga mu da fiye da awa biyu. Abokinmu mai koyar da Turanci, wanda ba ya rabo da karance-karance, shi ya ba mu labarin da ya sa muka rubuta wannan. Ashe a Amurka irin wannan aiki jarrabawa ce sukutum, da alƙalai da takardar shaida. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ƙasar, AKC, wadda aka kafa a 1884, ta daɗe tana ba da lambar bin sawu a fili mai ciyawa. A can aikin da sauƙi, domin ciyawar da aka taka ita ma tana fitar da nata wari. A 1995 ta ƙara wata mai wuya ta cikin gari: baƙon mutum zai yi tafiyar yadi 600 zuwa 800 a kan ciyawa da siminti da kwalta, ya yar da abubuwa huɗu, na fata da na roba da na ƙarfe da na ƙyalle, a jira awa 3 zuwa 5, sa'an nan a kawo kare ya bi ya nuna su. A 2014 aka shigo da ƙaramarta, ita ma ta cikin gari, yadi 400 zuwa 500, bayan rabin awa zuwa awa 2. Alƙalai biyu ke bin baya. Mai kare yana riƙe da doguwar igiya, kuma in aka ga yana nuna wa karen hanya, sun faɗi. Ba a yin na ɗaya da na biyu, ci ne ko faɗuwa, wanda ya ci kuwa sai a liƙa haruffan lambar a bayan sunansa, kamar yadda mu ke liƙa NCE.

Ya ƙara da cewa wasu masana a jami'ar Belfast sun gwada a 2005, suka gano taku biyar na mutum sun ishi ƙwararren kare ya gane inda ya dosa, domin kowane taku ya fi na bayansa sabon wari. Wannan ne ya warware mana abin da Duna ya yi a bakin kwalta. Mun kuma gane sa'ar da muka taka: da a watan Yuni ne, ko da iskar gibli ta taso, da kafin ƙarfe takwas titin ya ƙone komai.

To, a nan muna da 'yar magana da jama'armu. Unguwanninmu sun zama kwalta da siminti, masu karatun sawu suna tsufa, yaransu kuma sun koma tuƙin mota. Yaro ya ɓata ko tsoho mai mantuwa ya fita, iyakarmu cigiya a masallaci da sa hoto a Facebook. Ƙyamar kare da muke yi ta wuce inda malamai suka tsaya. Mu da mutanen Libiya galibi Malikawa ne, kuma a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. An halatta ajiye shi don farauta da tsaron gona da dabbobi, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ma ta yi maganar abin da horarren mafarauci ya kamo. Da ambaliya ta rushe Darna a Satumbar 2023, ai kowa ya ga masu ceto daga ƙasashen waje sun sauka da karnuka suna neman mutane a ƙarƙashin gine-gine. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Baba ya ce tun Duna yana ɗan kwikwiyo yake ɓoye masa tsumma a cikin sha'ir da sassafe, in ya samo ya ba shi guntun ƙashi, daga baya ya riƙa sa jikokinsa su ɓuya. Shekara biyu yana wannan, maƙwabta suna cewa tsufa ya fara taɓa shi.

Da rana aka yanka ɗan akuya aka yi sadaka. Surukar Baba, wadda muka ji an ce da muciya take korar Duna daga bakin madafa, ita da kanta ta kai masa kai da ƙafafu a tsohuwar tasa. Ba'abzinen ya sha shayinsa ya ce shi dai har yanzu bai ga kare ba, don da bai kawo su bakin kwalta ya nuna sawun ƙarshe ba, da abin nan yana can yana sunsunar awaki. Baba ya ce haka ne, Alhaji, kai ka karanta shafin farko. Muka bar su a kai.

Da za mu shiga mota Baba ya kira mai Turancinmu gefe, ya tambaye shi tsawon igiyar da Amurkawan nan ke riƙewa. Ya ce masa takan kai ƙafa 40, wato kimanin mita 12. Baba ya yi shiru yana lissafi, sa'an nan ya ce in za mu dawo mu taho masa da irinta daga kasuwar Sabha, don ta gugan nan ta yi gajarta a mararraba, kuma surukarsa tana neman abarta.