Wasannin da ban gani ba: zaren wani mai son kiɗan jita daga Kaugama

1/ Akwai wani irin rashi da ba a zuwa yi wa mutum jaje a kansa. Mawaƙin da kake so ya ajiye waƙa, ko ya mutu, ba ka taɓa tsayawa gabansa kana kallon yatsunsa a kan tsirkiya ba. A kan wannan zan yi zare yau. Zai ɗan yi tsawo, mai data ya gyara zama. 🧵

2/ Ni ɗan Kaugama ne, ƙasar Haɗejia. Garin riɗi da zoɓo da gero. Kuma kiɗan da ya fi shiga raina shi ne na jita mai ƙara, wanda Turawa ke kira rok: Green Day, Paramore, Blink-182, Linkin Park, The Strokes. E, na san tambayar da za ku yi. "Kai kuma ina ka samo wannan?"

3/ Amsa: gidan gem. Duk wanda ya buga FIFA ya sha wannan kiɗan ko bai san sunansa ba. Kana zaɓen ƙungiya, kana rigima da abokinka kan wa zai ɗauki Barcelona, jita na ta tashi a bayan fage. Bloc Party na cikin FIFA 06, The Strokes na cikin FIFA 12, Kasabian na cikin FIFA 13.

4/ Wani abin da ya ba ni mamaki daga baya: mai rera waƙa a Bloc Party, Kele Okereke, iyayensa 'yan Najeriya ne, Inyamurai, an haife shi a Liverpool. Wato muryar da muke ji muna cewa "wannan Baturen ya iya ihu" ta ɗan gida ce.

5/ Daga gidan gem sai shagon masu tura waƙa. Ka miƙa memori, a cika maka shi. Sau da yawa mai shagon ma bai san me ke cikin foldar ba, shi ma turo masa aka yi daga Kano. Sunayen waƙoƙin duk a hargitse. Wata waƙar sai da na shekara ina jin ta kafin na san ta Paramore ce.

6/ Ba sauƙi son irin wannan kiɗan a garinmu. Ka kunna a majalisa a ce ka kashe hayaniya. Wani ya ce kiɗan aljanu. Ƙanwata cewa take kamar ana faɗa a shagon walda. 😂 Sai na koma jin abina a kunne, a kan hanyar gona ko da dare idan an samu caji.

7/ To ga inda rashin yake. Wannan kiɗan an yi shi ne don taro. Ganga ta buga ka ji ta a ƙirjinka, dubban mutane su ɗauki amshi tare, wanda ba ka taɓa gani ba ya dafa kafaɗarka kuna tsalle. Ni kuwa duk abin da na sani a kansa ta allon waya na san shi, hoto na tsayawa yana juyawa.

8/ Bari in lissafo muku waɗanda suka wuce ni. Linkin Park sun zo Afirka ta Kudu a Nuwamban 2012, Cape Town da Johannesburg. Lokacin ina sakandare, ko Legas ban taɓa zuwa ba. Ranar 20 ga Yulin 2017 Chester Bennington ya rasu. Ƙungiyar ta dawo a 2024 da sabuwar murya, Emily Armstrong. Amma waccan muryar an rufe babinta.

9/ Ranar da na ga labarin mutuwarsa babu wanda zan faɗa wa. Da ɗan ƙwallo ne, da majalisa ta kwana tana zancen. Na zauna shiru da wayata kawai. A ranar na san cewa son abin da babu mai taya ka so, kaɗaici ne mai zaman kansa.

10/ Janairun 2025 Green Day suka yi wasa a Johannesburg tare da The Offspring, a filin da aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya na 2010. Nahiyarmu ce fa. Na zauna na yi lissafi: mota zuwa Kano, jirgi, biza, masauki, tikitin shiga. Ko riɗin gidanmu gaba ɗaya aka sayar, ba zai kai ni ya dawo da ni ba.

11/ A cikin watan dai, ranar 30 ga Janairu, Sum 41 suka yi wasansu na ban kwana a Toronto, suka watse. Amurka kuwa kuɗin neman bizar ziyara kaɗai dala 185 ne, in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Ka faɗa wa mai tambayar cewa kallon kiɗa za ka je daga Kaugama, ka ga irin kallon da zai yi maka.

12/ Idan na ga Turawa a intanet suna kukan "tikiti ya ƙare kafin in saya", dariya nake yi. Naku ma ya zo garinku ya ƙare. Mu idan aka ce ƙungiya za ta zaga duniya, mun riga mun san duniyar ba ta haɗa da mu ba. In an tuna da Afirka, to gari biyu ne a can ƙarshen kudu.

13/ Yanzu ku biyo ni, zancen zai juya. Kamfanin Matador da ke New York na cikin manyan gidajen wannan kiɗan, su suka fitar da faifan Pavement da Interpol. A 2021 suka fitar da Afrique Victime. Mai faifan? Mdou Moctar, Buzu daga Nijar, bahago, mai rawani.

14/ Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, saboda gidansu ba sa son ya yi kiɗa. Wannan labarin kuwa kowane ɗan Arewa ya san irinsa. Sauran ku riƙe numfashi: faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi, a 2008.

15/ Sakkwato fa. Da na'urar nan mai lanƙwasa murya, irin wadda muka saba ji a waƙoƙin fim ɗin Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da memori a faɗin Sahel, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya saka ɗaya a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar. Daga nan duniya ta ji shi.

16/ Wato hanyar da rok ya bi ya iso wayata, ita ce hanyar da Mdou ya bi ya isa Amurka. Memori, shagon caji, abokin aboki. Mutanen da ke cika ɗakunan wasa a Landan da New York don su gan shi, abin da ya faro a situdiyon Sakkwato suke biyan kuɗi su kalla.

17/ Ba shi kaɗai ba ne. Bombino ɗan Agadas: Dan Auerbach na The Black Keys ne ya shirya masa faifan Nomad a 2013, kuma Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka saka a takarar Grammy. Tinariwen na Mali sun ci Grammy ɗin ma a 2012. Ga Tal National a Yamai, har da Hausa suke waƙa.

18/ A Agadas kiɗan jita kiɗan biki ne. Su Etran de l'Aïr a gidajen aure suka yi suna. A shimfiɗa tabarma, a tada janareta, a jona amfilifaya, ƙura ta tashi. Babu tikiti, babu biza. Daga nan Kaugama ka bi Gumel, ka fita ta Maigatari, ka kai Damagaram, ka miƙe arewa.

19/ Akwai abokina Buzu da muka saba da shi ta kasuwar Maigatari, ta ranar Alhamis. Ya ce min ƙaninsa zai yi aure a Agadas bayan damina, za a kawo masu jita, in zo in gani da idona. Na fara tara kuɗin mota tun daga bazara. A karon farko lissafin ya yi daidai da aljihuna.

20/ Sai 26 ga Yulin 2023, sojoji suka kifar da Bazoum. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Ba a ba da umarnin buɗe ta daga ɓangarenmu ba sai Maris ɗin 2024. An ɗaura aure, an yi kiɗa, an watse. Abin da ya iso ni bidiyo ne na daƙiƙa 40 a WhatsApp, rabinsa ƙura.

21/ Abin dariya da ban tausayi: a daidai lokacin Mdou da 'yan ƙungiyarsa suna Amurka suna wasanni, suka maƙale a can, hanyar gida ta toshe, har masoya suka yi musu karo-karo. Ni na kasa shiga Nijar in ji jita, masu jitar sun kasa shiga Nijar su ga iyalinsu. Nawa rashin ƙarami ne a kan nasu.

22/ Wata rana ina nuna wa kawuna bidiyon Mdou, yatsunsa na gudu a kan tsirkiya. Kawu ya kalla har ƙarshe, ya miƙo min wayar. Ya ce, "Yaron ya iya. Amma kai ba ka ga Haruna Uji ba." Na ce, "Kawu, ai ina da waƙoƙinsa a waya." Ya girgiza kai. "Ka ji shi dai, ɗana. Ni na gan shi."

23/ Haruna Uji, ɗan Haɗejia, mai gurmi. Ƙoƙo, fata, sanda da tsirkiya, shi ke nan kayan aikin. Kawu ya ce yana saurayi suka taka sayyada daga ƙauye don su gan shi, kuma idan ya sake gurmin sai fili ya yi tsit, ka rantse abin magana yake yi. Ya ce kaset bai ɗauko ko rabi ba.

24/ Wannan maganar ta ƙara min tsawon jerin. Shata ya rasu 18 ga Yunin 1999, ina rarrafe. Barmani Choge 2013. Ɗanmaraya Jos 20 ga Yunin 2015, mutumin da ya zaga ƙasashe da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Tsirkiya ɗaya! Masu rok da shida suke fama.

25/ Kuma ga bambancin da ke ci min rai. Wasan Linkin Park da na rasa, kyamara goma ta ɗauke shi, jikokina ma za su gani. Daren da Kawu ya ga Uji kuwa babu shi a ko'ina sai a cikin kan Kawu da sauran tsararsa. Ranar da suka tafi, daren ya tafi.

26/ Na san akwai masu cewa kiɗa ba abin da za a yi wa baƙin ciki ba ne, ga ambaliya ta cinye gonaki a ƙasar Haɗejia a 2020 da 2022, ga tsadar abinci. Gaskiya ne, kuma mu ma ruwan ya taɓa mu. Amma mutanen da suka noma wannan fadamar kafin mu sun yi gayya da ganga. Wahala ba ta hana su kiɗa ba, da shi ma suka ɗauke ta.

27/ Akwai kuma masu kauce wa kiɗa saboda fahimtarsu ta addini. Ina girmama su, wasunsu 'yan ɗakinmu ne. Wannan zaren na waɗanda ke ji ne, kuma suke ji a ɓoye kamar ni, suna zaton su kaɗai ne a garinsu.

28/ Shawarata gare ku, 'yan uwa. Har yanzu akwai masu gurmi, masu kukuma, masu garaya da kalangu a garuruwanmu. Yawanci sun manyanta, 'ya'yansu sun koma acaba ko sun tafi birni. Idan ka ji za su yi wasa a biki ko a hawan Sallah, tashi ka je. Kada ka ce sai wata shekara.

29/ In ka je, ka fara gaishe su, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Ka yi musu liƙi, sana'arsu ce. Ka rubuta sunan makaɗin da garinsu da ranar a jikin bidiyon, kada ya zama irin foldar shagon turi. Sannan ka mayar da wayar aljihu ka saurara da kunnenka, ko na waƙa ɗaya ne.

30/ Ka kuma zauna da tsoffin gidanku ka tambaye su wa suka gani. Ina aka yi, wa ya gayyato shi, me aka yi masa kyauta. Za ka sha mamakin wanda Hajiyarku ta taɓa gani da idonta tana budurwa, ba ta taɓa faɗa ba saboda babu wanda ya tambaya.

31/ Ni dai Agadas na nan a raina, in Allah Ya kawo zaman lafiya a hanya. Green Day kuwa in sun ga dama su zo filin Sani Abacha a Kano, mu ma muna da ƙura. 😅 Kafin nan, akwai wani tsoho mai gurmi da aka ce min zai yi wasa a wani biki wajen Malam Madori bayan girbi. Na riga na yi wa mai mashin magana.

32/ Yanzu ku: wane mawaƙi ne ya wuce ku ba ku gan shi ba, na gida ko na waje? Wanda kuma yake da tsohon bidiyon Uji yana wasa a fili, don Allah ya ajiye min a ƙasa. Zan kai wa Kawu ya gani.