Baƙin Tsagin da ke Gefen Hagu

New York, Alhamis 24 ga Yuni, 2010

Yau iPhone 4 ta shiga kasuwa a ƙasashe biyar: Amurka, Birtaniya, Faransa, Jamus da Japan. Na bi ta gaban babban shagon Apple na Manhattan, mai ƙofar gilashin nan, na tarar layi ya nannaɗe gefen titi, wasu da kujerunsu da barguna, alamar a nan gari ya waye musu. Dala 199 ce ƙaramar, babbar 299, amma sai ka sa hannu a yarjejeniyar shekara biyu da AT&T, don layinsa kaɗai wayar ke ɗauka a ƙasar nan.

Ni ba saye ya kai ni ba. Injiniyancin sadarwa nake karantawa, kuma tun ranar 7 ga wata da shugaban Apple, Steve Jobs, ya nuna wayar a San Francisco nake son ganin ƙarfen da ya zagaye ta. Wani saurayi da ya fito da tasa ya bar ni na juya ta a hannu. Gilashi gaba, gilashi baya, kaurinta milimita 9.3, ga ɗamarar farin ƙarfe mai sanyi. Wannan ɗamarar ita ce eriyar. An raba ta biyu: guntun ɓangaren na Wi-Fi da Bluetooth da GPS ne, dogon kuma na kira. A ƙasa ta gefen hagu, inda suka kusa haɗuwa, akwai wani siririn baƙin tsagi da ya raba su. Aiki ne mai kyau, ba na musun haka. Sai dai sauran masu ƙera waya a ciki suke ɓoye eriya, bayan roba, kuma suna da dalili.

Kafin dare bidiyo ya fara yawo a YouTube. Mutum ya damƙi wayar da hannun hagu, sandunan sabis su riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye ta a tebur su dawo.

Juma'a 25 ga Yuni

Wani mai saye ya aika wa Jobs imel yana kuka, amsar da ya samu ta bazu ko'ina: kawai ka daina riƙe ta haka. Sanarwar kamfanin ma hanyar ta bi. Wai kowace waya sabis ɗinta na raguwa in an damƙe ta, don haka a guji rufe tsagin, ko a saya mata riga. Zoben robar da su suke sayarwa, Bumper, dala 29 ne.

Rabin maganar gaskiya ce, na kuwa san ta daga aji. Amma amsar ta ɓata mini rai. Mai amfani da hannun dama da hagu yake riƙe waya don ya latsa da dama, tafinsa kuwa daidai wannan kusurwar yake sauka. Babu wanda ya ƙirƙiro sabon riƙo. Mutum ya kwana a titi ya ba ka kuɗinsa, ya dawo washegari da ƙorafi, ka ce masa hannunsa ne bai iya ba. Jiya mutane mamaki suke yi. Yau fushi suke.

Asabar 26 ga Yuni

Gana ta fitar da Amurka daga gasar cin kofin duniya da ci 2 da 1. A wani gidan abinci a Bronx muka kalla, cike da mutanen Zangon Kumasi da na Yamai. Bayan an lafa da ihu, wani dattijo direban tasi da nake gaisarwa ya jawo ni gefe.

“Ɗana, kai da kake karatun waɗannan abubuwan, wayar nan da ake ta magana, in saya ko in bari?”

Na ce, “Alhaji, a ina kuka fi amfani da waya?”

Ya ce a mota, tsakanin dogayen gine-gine, da kuma ɗakinsa da ke ƙarƙashin bene. Na roƙe shi ya dakata tukuna. Wayarsa ce shagonsa. Kira ɗaya ya yanke, fasinja ya tafi. Kuma ko a Disambar bara shugaban sashen wayar salula na AT&T da bakinsa ya amsa cewa layinsu a Manhattan da San Francisco bai kai yadda ake so ba.

Litinin 28 ga Yuni

Apple ya ce ya sayar da miliyan 1.7 cikin kwana uku.

Da rana na shiga ɗakin gwaji, na yanko wayar tagulla daidai tsawon da ya dace da zangon da salula ke aiki, na jona ta da na'urar auna eriya. A fuskar na'urar akwai layi mai rami ɗaya, ramin nan shi ne zangon da eriyar ta fi ji. Na ɗora busasshen yatsa a kan tagullar, ramin ya goce gefe ya cike kaɗan. Na jiƙa yatsan da ruwan gishiri na sake taɓawa, sai ya gudu nesa, inda yake a dā ya koma shafaffe. Eriya tsawonta ne ke yanke zangon da za ta kama, jikin mutum kuwa ruwa ne da gishiri, yana ɗaukar lantarki, yana kuma shanye wani abu daga cikin siginar. Duk wanda ya taɓa kama eriyar rediyo da asuba yana neman London ya ji murya ta washe ko ta dushe ya san wannan. Bambancin shi ne a wayar nan fata tana taɓa ƙarfen kai tsaye, kuma tana iya gada tsakanin eriya biyu da aka raba da gangan.

Me ya sa to aka kai wurin mai rauni ƙasa, inda hannu yake? Hukumar sadarwa ta Amurka ta ƙayyade yawan ƙarfin rediyon da jiki zai sha daga waya, wat 1.6 a kowane kilo, shi ya sa masu ƙira ke nisanta eriya daga kai. An tsere wa kunne, an faɗa tafin hannu.

Laraba 30 ga Yuni

Yau aka samu alƙaluma. Masu gwajin shafin AnandTech sun auna: in an matse wayar a tafi, sigina na faɗuwa da kusan desibel 24, riƙo na yau da kullum kusan 20, a cikin zoben roba kuwa kusan 7. Tsohuwar iPhone 3GS a riƙo na yau da kullum ko desibel 2 ba ta cika asara ba. Desibel 20 na nufin ƙarfin ya ragu sau ɗari.

Sun kuma gano abin da ya warware mini gardamar da ake ta yi, inda wani zai rantse tasa lafiya lau, wani ya rantse tasa ta mutu. Wayar na nuna sanda biyar tun daga −51 har −91, tazarar desibel 40, sauran sandunan huɗu kuma an cusa su tsakanin −91 da −113. Wanda ke zaune kusa da ƙarfen sabis zai yi asarar 24 ɗin nan bai ga komai ya motsa ba. Wanda ke bakin −90, shi ma sanda biyar yake gani, amma yana damƙa sai sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Dukansu gaskiya suke faɗa. Aibin ɗaya ne a kowace waya, wanda ke nesa da ƙarfe ne ke biyan kuɗinsa: na ƙauye, na ƙarƙashin bene, na bayan dutse.

Adalci ne in rubuta cewa gwajin ya nuna in ba a taɓa tsagin ba, sabuwar ta fi tsohuwar riƙe kira a wurin da sabis ke da rauni.

An fara shigar da ƙararraki a kotu.

Juma'a 2 ga Yuli

Apple ya fitar da wasiƙa. Sun ce sun kaɗu da suka gano lissafin da suke nuna sanduna da shi kuskure ne tun daga iPhone ta farko, har yakan ƙara sanda biyu a kan gaskiya. Za su gyara a manhaja, su kuma ƙara wa sandunan farko uku tsawo don a fi ganinsu. Wanda bai gamsu ba ya mayar cikin kwana 30.

Gyaran sanduna abu ne mai kyau, amma ba shi aka tambaya ba. Manhaja tana sauya abin da ido ke gani; desibel 20 ɗin da hannu ke cinyewa suna nan.

Da yamma Yurugai ta fitar da Gana a bugun fenareti, bayan Suarez na Yurugai ya tare ƙwallo da hannu a kan layi. Babu wanda ya yi zancen waya a Bronx yau.

Talata 6 ga Yuli

Zafi ya haura digiri 39 a birnin nan, kowa tafinsa jiƙe da gumi. A bas na zauna ina kallon hannuwan mutane. Wata mata ta riƙe tata da kan yatsu uku, ta ɗage tafinta daga gefen. Wani ya naɗa mata robar hannu irin ta ado. Wani ya manna ɗan salatif a kusurwar, gefensa har ya fara baƙi da datti. Ba wanda na ga alamar zai rabu da ita. Suna son abarsu, suna lallaɓa ta, kuma wannan son ne ya sa amsar da aka ba su ta yi musu zafi.

Litinin 12 ga Yuli

Mujallar Consumer Reports, wadda ofishinta ke Yonkers nan kusa da mu, ta ce ba za ta ba da shawarar a sayi wayar ba. Sun sayi guda uku a shaguna daban-daban, sun gwada a ɗakin da sigina daga waje ba ta shiga, sun tabbatar da aibin a jikin wayar yake. Sun ce manna salatif mai kauri a kan tsagin na magance shi. A jadawalinsu kuma ita ce ta fi kowace waya maki. Mujallar nan ba ta karɓar talla, da kuɗinta take sayen abin da za ta gwada, shi ya sa maganarta ta yi nauyin da dubban bidiyo ba su yi ba.

Alhamis 15 ga Yuli

Gyaran manhajar ya fito, iOS 4.0.1. Bloomberg ta ruwaito cewa wani babban injiniyan eriya na kamfanin ya yi gargaɗi tun ana ƙira. Sanatan jihar nan, Charles Schumer, ya rubuta wa Jobs yana neman a gyara wa mutane kyauta. An kira taron manema labarai gobe.

Juma'a 16 ga Yuli

Na bi taron da Apple ya yi a Cupertino daga farko har ƙarshe. Jobs ya ce su ba cikakku ba ne, wayoyi ma ba cikakku ba ne. Ya nuna bidiyon BlackBerry Bold 9700 da HTC Droid Eris da Samsung Omnia II, kowacce sandunanta na sauka in an damƙe ta. Ya ƙaryata labarin Bloomberg. Ya ce sun kashe dala miliyan 100 a ɗakunan gwajin eriya. Sannan ya zubo alƙaluma: an sayar da fiye da miliyan 3 cikin mako uku, kashi 0.55 cikin 100 ne suka kira suna ƙorafin sabis, kashi 1.7 suka mayar da wayar a shagunan AT&T, alhali na 3GS kashi 6 ne; yankewar kira kuma ta ƙaru a kan ta 3GS da abin da bai kai ɗaya cikin kira ɗari ba. A ƙarshe ya ce duk wanda ya saya zuwa 30 ga Satumba za a ba shi riga kyauta, wanda ya riga ya sayi Bumper a mayar masa da kuɗinsa.

Alƙaluman ban ƙaryata su ba, amma ina da ja a kan abin da ake so su ce. Kashi 0.55 adadin waɗanda suka ɗauki waya suka kira kamfani ne. Matar nan ta bas mai yatsu uku ba ta cikinsu, mai salatif ma haka. Yawancin mutane ba sa kai ƙara, dabara suke nema su ci gaba da harkarsu. Lambar yankewar kira kuwa ta fi yadda ta yi kama da ita nauyi: waya mai aiki daidai kaɗan ne ƙwarai daga kira ɗarinta ke yankewa, don haka ƙarin da ya doshi ɗaya ba ƙarami ba ne. Kuma wannan wayar aka tallata da cewa eriyarta ta fi ta baya.

Kwatanta ta da sauran wayoyi ma bai zauna mini ba. Hannu ya rufe eriyar da ke bayan roba abu ɗaya ne. Yatsa ɗaya a wuri ɗaya ya haɗa ƙarfe biyu wani abu ne daban.

Duk da haka rigar kyautar ita ce daidai, tana kuma aiki. Abin da ya dame ni shi ne mako uku da aka ɓata kafin a kai gare ta. Da ranar 25 ga Yuni aka ce mun ji, akwai rauni a wannan kusurwar, ga roba ku karɓa, da maganar ba ta kai kotu da majalisa ba.

Asabar 17 ga Yuli

Shugabannin kamfanin BlackBerry, Mike Lazaridis da Jim Balsillie, sun mayar da martani da zafi, sun ce kada a jawo su cikin rigimar da Apple ya haƙa wa kansa, masu wayarsu ba sa buƙatar riga kafin su yi kira. Nokia ma ta yi magana. Alhaji ya tare ni bayan Magariba, na faɗa masa zai iya saye in ya so, da sharaɗin kada ya fita da ita tsirara, kuma ya gwada ta a ɗakinsa tun kwana talatin ɗin ba su cika ba.

Talata 20 ga Yuli

Apple ya bayyana cinikin wata uku: dala biliyan 15.7. Rigunan kyautar an ƙiyasta za su ci miliyan 175.

Juma'a 23 ga Yuli

An buɗe hanyar neman rigar ta wata manhaja da ake saukewa a wayar. Surutun ya fara kwanciya, ranar 30 ga wata kuma za a kai wayar wasu ƙasashe 17, da tsaginta yadda yake.

Hankalina yanzu ya koma gida. A Birtaniya ana sayar da ita a buɗe, kowane layi take ɗauka, don haka ba da jimawa ba za ta bayyana a Farm Centre a Kano da kasuwannin Yamai, a yanke mata sim ya zama ƙarami a saka. Wanda ya saya a can ba shi da kwana talatin na mayarwa, babu mai aiko masa roba, kuma da yawa cikinmu nesa da ƙarfen sabis muke zaune. In za ka saya, saka layinka tun a gaban mai shago, ka riƙe ta da hagu yadda ka saba, ka kira wani ku yi magana ta minti biyu, kuma ka sa kuɗin riga a cikin cinikin kafin ka biya.