Zuwa ga Auta, a kan shafin kabarin Baba

Ya sanyin Ingila? Mu nan Katsina lafiya lau. Inna tana gaishe ki, ƙafar ma ta yi sauƙi, har tana fita barka da gaisuwa.

Shafukan kundin hotunan gida da kike haɗawa a Canva sun iso, na kuma buɗe su a kwamfutar shago. Na Sallah da na bikin Yaya Babba sun yi kyau, ba ni da ta cewa. Shafin maƙabarta ne kika ce in faɗa miki gaskiya a kai tunda ɗab'i sana'ata ce. To ga gaskiyar: ado ya cinye hoton. Ido na sauka a shafin, furannin nan jajaye yake fara gani, sai kyandir, sai farar kurciya, sai zoben zinariya da kika kewaye hoton da shi. Kabarin Baba shi ne na ƙarshe, ya takure a tsakiya, kuma a karkace.

Na san daga inda abin ya fito. Waɗannan shafukan da ake samu a shirye an zana su ne don maƙabartun Amurka da Turai, inda akwai ciyawa shar, da dutsen marmara mai suna, mutane na kai furanni suna kunna kyandir. A can adon ya dace da abin da ke cikin hoton. Tamu Ɗanmarna ba haka take ba. Tudun jar ƙasa ne a jere, kai kudu, ƙafa arewa, fuska gabas, da ɓallin tukunya, da bushasshen ganyen bedi. Can aka kai Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010, can ake kai mai tura baro. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a shafe kabari da farar ƙasa ko a yi gini a kansa, kuma kin san yadda Baba ya riƙe wannan. Ba na jin zai so a yi masa a allon kwamfuta abin da ya hana a yi masa a ƙasa. Cire su duka, Auta, har kurciyar.

Sannan ki miƙar da hoton, ki buɗa shi ya ci wajen kashi biyu cikin uku na shafin. Karkata hoto na shafin biki ne, inda ake son a nuna wasa da hayaniya. Baƙin da kika shimfiɗa a baya shi ma ya tafi. A waya yana ƙyalli, amma a takarda baƙi mai faɗi haka yana shan tawada, yana kama sawun yatsa, kuma yana danne duk abin da aka ɗora masa. Allo da haske yake nuna launi, takarda kuwa da tawada, shi ya sa kusan kullum abin da aka buga yakan fi na waya duhu. Ki ɗebi launi daga cikin hoton kansa. Akwai ɗan tsinken nan na ɗaukar launi a manhajar: taɓa katangar da ke can baya, wadda hazo ya mayar ruwan toka-toka, ki yi shimfiɗa da ita. Taɓa inuwar gindin bedin, ki yi rubutu da ita. Biyun nan sun isa.

Kada ki gyara sararin sama. Na ga kin ƙara masa shuɗi. Da safe na ɗauki hoton, cikin hunturu, rana ba ta gama keta ƙura ba, kuma haka garinmu yake a wannan lokacin. Yaranki ba su taɓa ganin hazon Katsina ba, bari su gan shi yadda yake. Abin da za ki yanke shi ne gefen hagu ta ƙasa, inda ɗan allon ƙarfe na kabarin maƙwabci ya fito da suna a jiki. Mamacin wasu ne, ba mu nemi izinin iyalansa ba.

Yanzu ga inda na fi so ki zauna ki natsu, wato rubutun. Kin sa "Ba za mu manta da kai ba" da manyan baƙaƙe masu lanƙwasa, shi ke nan. Mu da muka san shi ba ma buƙatar a faɗa mana haka. Wanda aka yi shafin dominsa shi ne ɗanki da zai buɗe kundin nan bayan shekara ashirin, ya ga tudun ƙasa goma sha wani abu masu kama ɗaya, ya tambaya wanne ne na kakansa. Kabarin Baba ba shi da allo. Kowace damina tana rage tudun, ana kuma ƙara sababbi a gefensa. Wata rana ni kaina sai na yi ƙirga kafin in gane shi. Saboda haka abin da ba a rubuta a maƙabarta ba, shafinki ne zai riƙe shi. A ƙarƙashin hoton, da ƙananan baƙaƙe, ki sa cikakken sunansa da na mahaifinsa, da sunan maƙabartar, da ƙofar da ake shiga, sannan ki ce shi ne na uku daga gindin bedin ta hannun dama. Kada ki zana jar kibiya ko da'ira a kansa, kalmomin sun wadatar. Ki sa ranar rasuwa iri biyu, ta Musulunci da ta Bature. Ta Musuluncin kada ki ɗauko ta daga manhajar lissafi, domin mu da ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi muke aiki, sau da yawa akan sami saɓanin kwana guda. Kawu ya rubuta ta a bangon littafinsa ranar da abin ya faru, zan karɓo miki.

Bayan wannan, layi huɗu ko biyar da bakinki. Kada ki jero kyawawan halaye irin na ta'aziyyar rediyo. Faɗi abu ɗaya da kika gani da idonki. Ni da zan rubuta, zan ce kullum bayan Asuba yakan zauna a zaure da rediyonsa da butarsa, kuma ba ya fara karin kumallo sai an miƙa wa almajirin da ke bakin ƙofa nasa kokon. Ke kina da naki, ke da kika fi kowa zama a gefen buzunsa.

Salon baƙaƙen da kika zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Gwada rubuta kalmar maƙabarta a shafinki, za ki ga harafi ɗaya ya fita daban, ya fi sauran kauri, domin manhajar aro shi ta yi daga wani salon. Noto Serif da Charis SIL da Andika duk suna da namu haruffan. Ɗaya ya isa shafin duka.

Ayar da kika liƙa a sama kuma ta wargaje: haruffan sun rabu da juna, wasu wasulan sun zame. Haka Larabci yake yi idan aka kwafo shi zuwa salon da bai san shi ba. Ni shawarata a bar ayar gaba ɗaya. Kundi ne da yara za su ja a ƙasa, su ɗauka da hannun miya. "Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma" da Hausa ta isar da abin da kike nufi. In kuwa kina son wani abu da ajami a shafin, akwai wanda ya fi: littafin bashin shagon Baba yana wurina, kuma a shafin farko ya rubuta sunansa da hannunsa, da tawadar nan mai ruwan ƙasa. Zan ɗauko miki shi da na'urar shago, ki ajiye shi ƙarami a kusurwar dama ta ƙasa. Shi kaɗai ne adon da na yarda da shi. Hoton fuskarsa kuwa, wanda ya sa farar hula ranar ɗaurin aurenki, ki ba shi shafin da ke fuskantar wannan, shi kaɗai.

Hoton da kike aiki da shi wanda na tura ta WhatsApp ne, an matse shi, a takarda zai farfashe. Shafi mai inci 12 kowane gefe yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato 3600 tsaye, 3600 kwance. Zan sake turo miki na asali a matsayin fayil. Ki kuma bar tazarar kamar yatsa guda tsakanin rubutu da bakin takarda, saboda wuƙar yanka da wurin ɗinki.

Abu na ƙarshe, Inna. Kin san ba ta taɓa taka maƙabartar ba, ba ta kuma taɓa ganin hoton nan ba. Kada ki jefa shi a zauren WhatsApp na gida ta ci karo da shi ba shiri. Idan kin gama ki turo mini, ni zan tambaye ta ko tana son gani. In ta ce a'a, sai mu buga nata kundin ban da wannan shafin.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara. Ki tuna musu su riƙa sa kakansu a addu'a.

Yayanki,
daga Katsina